Adireshi ɗaya, taku daban: tambaya kan manuni a yaren C

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon yaren C na rubuta manhajar kwamfuta. Na rubuta int a[5]; sai na sa printf, mai nuna abu a allo, ya nuna min a da &a, duka biyun suka fito da adireshi ɗaya. Da na ƙara 1 a kan kowannensu kuma sai lambobin suka sha bamban. Kwamfutar ce ta rikice ko ni ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kai ma haka.

Ka ɗauki memori kamar layin shaguna a kasuwa, kowane bayit (ƙaramin ma'aunin memori) da lambarsa, wato adireshinsa. Jerin nan naka, wato int a[5], shaguna biyar ne manne da juna, kowane int (cikakkiyar lamba) ya ci bayit 4 a yawancin kwamfutoci, gaba ɗaya 20 ke nan. Wanda ya tsaya a ƙofar shagon farko, a bakin layin yake tsaye. Shi ya sa adireshin ya zo ɗaya. Sai dai wajen lissafin adireshi, a yana nufin shagon farko kaɗai, &a kuwa yana nufin layin dungurungum.

Bambancin sai an yi taku yake fitowa. Mu ƙaddara jerin ya fara daga 1000. a+1 zai kai ka 1004, shago na biyu. &a+1 kuma zai tsallake layin baki ɗaya ya dire a 1020, inda ba kayanka ba ne. Ka taɓa abin da ke wurin, ko manhajar ta mutu nan take, ko ta ci gaba da ba ka amsar banza ba tare da ta ce uffan ba. Ni na biyun ya fi ba ni tsoro.

Manuni shi ne abin da ke riƙe adireshi a memori. Manunin da ya dace da &a shi ne int (*p)[5]. Kada ka yi wasa da bakan nan biyu. Ka cire su ka rubuta int *p[5], ka samu jerin manuni guda biyar, wani abu daban.

Tarkon da na san za ka faɗa nan gaba shi ne sizeof, mai faɗin yawan bayit ɗin da abu ya ci. A inda ka ƙirƙiri jerin, sizeof(a) zai ba ka 20. Da ka miƙa shi ga wani fankishin (ɓangaren manhaja da ake kira ya yi wani aiki), adireshin shagon farko kawai ke tafiya, sai sizeof ya ba ka 8, girman adireshin, a kwamfuta mai bit 64. Don haka ka riƙa haɗa shi da tsawon jerin duk lokacin da za ka tura shi.