Tambayoyinku ga likita: hayaƙin janareto, indomin mota da takunkumi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonninku kusan duk a kan hayaƙi suka taru, to bari mu ɗauke su.

Tambaya: Likita ni direban adaidaita sahu ne a Kano, wuni nake a cikin hayaƙi, takunkumin yadi da nake sawa yana da amfani kuwa?

Amsa: Yana tare ƙura mai kauri, amma ƙananan ɓurɓushin hayaƙi wucewa suke. Idan da hali ka nemi N95. Wani injiniya ɗan asalin Taiwan, Peter Tsai, shi ya ƙirƙiro dabarar sa wa zaren irin wannan takunkumin cajin lantarki lokacin yana Jami'ar Tennessee a Amurka, sai zaren ya riƙa fizgo ɓurɓushi kamar yadda biro ke ɗaukar guntun takarda in ka goga shi a gashi. Don haka kar ka wanke shi da sabulu, cajin zai mutu. In tari ya wuce sati biyu ka je asibiti a duba ka.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Zariya. Wai da gaske ana iya ƙirga ɓurɓushin da ke cikin iska, abin da ido ba ya gani?

Amsa: Ana yi mana, kuma ba yau aka fara ba. John Aitken, mutumin Sikotlan, tun wajen 1888 ya ƙera na'urar da ke sa tururin ruwa ya taru a jikin kowane ɓurɓushi har ya zama ɗigon da za a iya gani a ƙirga. Na'urorin da ake gwada hayaƙin inji da su yau da yawa a kan wannan dabarar suke, sai dai yanzu hasken leza ne ke ƙirgar. Wanda ya fi damun mu likitoci shi ne ake ce wa PM2.5, silin gashin kanka ɗaya ya ninka shi kauri wajen sau 30, shi ne ke zarcewa can ƙasan huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsakaicinsa a shekara kar ya wuce maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska.

Tambaya: Likita dan Allah ka taimaka. Maigida yana kwana da janareto a cikin soro saboda ɓarayi, ƙofar waje a rufe. Kwana uku ke nan muna tashi da ciwon kai da jiri, yara biyu har da amai, kakarsu ta ce iska ce ta shigo gidan, an yi hayaƙi an ba su madara da manja. Ni kuma ina da ciki wata biyar.

Amsa: Baiwar Allah, wannan saƙon shi ne ya hana ni sukuni. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, a kashe janareton, a fitar da shi waje, ke da yaran ku tafi asibiti yau ɗin nan, ba gobe ba.

Kaka ta yi gaskiya ta wani ɓangaren, iska ce, amma ba irin wadda take nufi ba. Sunanta kabon monoksaid, tana fitowa daga duk abin da ke ƙona fetur ko gawayi ko itace, ba ta da wari ba ta da kala, warin da kike ji na sauran hayaƙin ne, ita kanta shiru take shigowa. In ta shiga jini tana kama sinadarin da ke ɗaukar oksijin, kuma kamun da take yi ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200, kin ga jini na yawo a jiki amma bai ɗauko wa ƙwaƙwalwa da zuciya abincinsu ba. Daga nan ciwon kai, jiri, amai, kasala, mutum ya ji yana son tashi ƙafa ta ƙi, in barci yake yi to ya zarce ke nan. Sau nawa muke jin an wayi gari an tarar da iyali gaba ɗaya a ɗaki, a ce guba aka sa musu a tuwo ko asiri aka yi musu, har a kama wata baiwar Allah da zargi, alhali mai laifin yana nan a soro man cikinsa ya ƙare.

Alamar da za ki gane ita ce wadda kika faɗa da bakinki: kowa a gidan ya kamu lokaci ɗaya, da safe ya fi tsanani, in an fita waje a ji sauƙi. Zazzaɓin cizon sauro ba ya haka.

Maganar madara da manja kuwa wallahi na gaji da ita. Gubar ta huhu ta shiga ta tafi jini, madara kuma ciki take zuwa, ina suka haɗu? Mafi muni ma in mutum ya suma aka ɗura masa manja, sai ya sarƙe ya gangara huhu ya haifar da wata cutar da ba a zo da ita ba. Sannan a ƙara turara hayaƙi a kaskon gawayi a rufe ɗaki, wato an ƙaro gubar da hannu. Addu'a a yi ta, babu mai hana ku, amma a yi ta a hanyar asibiti. Maganin shi ne oksijin. Da iskar waje kawai sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ta fita, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan kai. Ki gaya musu ƙarara janareto ne, saboda ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin yana iya nuna komai lafiya alhali ba lafiya ba. Ki kuma gaya musu kina da ciki, jinin jariri ya fi naki riƙe gubar, dole a duba shi. Ko an sallame ku, in cikin makonni masu zuwa wani ya fara mantuwa ko rikicewa ko tafiyarsa ta canza, ku koma.

Shi kuma maigida na fahimci tsoronsa, janareto ba arha ba. A sa mai walda ya yi masa keji a fili a ɗaure da sarƙa, nesa da ƙofa da taga kamar mita 6 in gidan ya ba da dama, bakin salansa ya kalli wani wajen. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa, takunkumi ma ko N95 ne ba ya tare wannan iskar. Haka kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu, hukuncinsu ɗaya. Ki tafi asibiti yanzu dan Allah.

Tambaya: Bakanike ya ce in cire indomin motata za ta fi gudu, akwai illa?

Amsa: Akwai. Indomi, wato abin nan mai ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin salansa, shi ke mayar da kabon monoksaid da ɗanyen fetur su zama masu sauƙin illa. Injiniya Eugene Houdry, Bafaranshen da ya koma Amurka, ya samu takardar mallakar irin wannan fasaha a 1956, motocin Amurka suka fara fitowa da ita sosai daga 1975. Akwai ƙarafa masu tsada a ciki irin su filatinam, shi ya sa wasu ke ɗokin cire maka. In ya toshe ne a canza shi. In kana jin ciwon kai ko barci kana tuƙi a duba salansa, kai ma a duba ka.

Tambaya: Shekara goma ina aikin injin niƙa mai amfani da man gas, wai hayaƙinsa na kawo cutar kansa?

Amsa: E, a 2012 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansar huhu. Ba wai lallai za ka kamu ba, amma ka ja bututun hayaƙin ya fita ta saman rufi, in kana shan taba ka bari. Tarin da ya ƙi tafiya, jini a majina ko rama, asibiti kai tsaye, kar ka tsaya a kemis.