Kada ka ba shi lambar EPP sai kuɗi sun shiga hannun amana

Ɗan'uwa, ka ce wani Bajamushe ya taya domen ɗinka, wato sunan shafinka na intanet, dala 1,200, yana so ya biya ta PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, kana tambaya ko ka yarda. Ni dai ba zan yarda ba. A PayPal mai saye yana da kwana 180 da zai iya kai ƙara ya ce bai karɓi kaya ba, kuma domen ba buhun masara ba ne da za ka nuna takardar direba. In kuɗin suka koma, domen ya riga ya tafi.

Ka ce masa ku bi ta Escrow.com ko Sedo, wanda ma a Jamus yake. Kamfanonin riƙon amana ne tsakanin mai saye da mai sayarwa. Zai zuba kuɗin a wurinsu, su riƙe, su sanar da kai sun shiga. Sai a lokacin za ka buɗe makullin domen ka ba shi lambar EPP, wato lambar sirrin da ake ɗauke domen da ita zuwa wani kamfanin rajista. Da ya tabbatar ya karɓa, su turo maka dalarka asusun dala na bankinka. Ku daidaita wanda zai biya ladan kamfanin tun farko.

Kuma kada ka gaskata imel mai cewa "an biya". Na taɓa samun irinsa, da tambari da komai, ashe adireshin harafi ɗaya aka sauya. Shiga shafin kamfanin da ya riƙe kuɗin da kanka ka duba. Wanda ya ce sai ka biya wani kamfani ya kimanta domen kafin ya saya, ɗan damfara ne, rabu da shi.

In domen sabo ne, bai kai kwana 60 ba, ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta ba kamfanin rajistarka damar hana a ɗauke shi zuwa wani kamfanin rajista.