Amsa: maƙerin jirgin ruwa da aka tsangwama a labarinka

Malam, ka tambaya ko zai yiwu mutum ɗaya da aka kora daga ƙasarsa ya kafa wa ƙagaggiyar daularka rundunar ruwa. Zai yiwu, har an yi makamancinsa. A 1826 aka gurfanar da Henry Eckford, maƙerin jiragen yaƙi na New York, bisa zargin zamba. Ba a same shi da laifi ba, amma sunansa ya zube. A 1831 ya tafi Istanbul, inda Sultan Mahmud na Biyu, sarkin daular Turkawa, ke neman mai farfaɗo masa da runduna bayan an ragargaza jiragensa a yaƙin Navarino, a gaɓar tekun Girka, a 1827. Eckford ya rasu a 1832, mataimakinsa Foster Rhodes ya ci gaba da aikin.

Wannan na ƙarshen nake so ka riƙe. Ka ba gwarzonka almajirai. Ka nuna dajin da ake saro katako, da shekarun da yake yi kafin ya bushe, da masu tufkar igiya, da hassadar tsofaffin maƙeran fada. Kuma don Allah kada sarki ya karɓe shi saboda tausayi, buƙata ce za ta sa, bayan ya sha kashi a teku.