Wane Malami Zan Bi, Me Zan Saya? Amsoshi Ga Masu Shirin Digiri Na Biyu A Kimistiri

Yawancin saƙonnin wannan makon daga masu shirin digiri na biyu ne a ɓangaren oganik, wato nazarin sinadaran da aka gina a kan kabon, sai kuma iyayen da kuɗin aikin ke fita daga aljihunsu. Na haɗa masu kama da juna wuri guda.

Assalamu alaikum, Malam. Na gama bautar ƙasa, na kuma sami gurbin digiri na biyu a nan Kano. Malaman oganik a sashenmu sun kasu uku: masu aikin itatuwan magani, masu haɗa sababbin sinadarai, da wani matashin dakta da duk aikinsa a kwamfuta yake. An ce kowa ya rubuta wanda yake so ya duba shi, kuma kowa rububin babban farfesa yake yi. Wa zan zaɓa? Daga wani ɗalibi a Gwale.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ajiye maganar muƙami tukuna, ka duba abin da kowane rukuni ya saba gamawa. Je ka ɗakin karatun sashen, ka ɗauko kundayen ɗaliban da kowane malami ya duba a 'yan shekarun nan, ka buɗe babi na huɗu kai tsaye, inda sakamako yake. Nan za ka ga gaskiyar rukuni, ba a allon ƙofar ofis ba.

Aikin itatuwa shi ya fi yawa a jami'o'inmu, ko Bayero ce, ko ta Wudil, ko Ahmadu Bello ta Zariya, kuma dalilin a fili yake: kayan aikin suna bakin ƙofa. Sabara, marke, maɗaci, ƙirya, bagaruwa, lalle, duk za ka same su a daji ko a Kasuwar Kurmi, ga masu magani da suka gaji sanin abin da kowanne ke yi. Fanni ne mai tarihi. A 1820 Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka ciro kwinin daga ɓawon itace. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da atemisinin daga wani tsiro dangin tazargade a 1972, bayan ta gane cewa tafasawa ce ke lalata maganin, ta koma jiƙo da sinadari mai saurin tashi ba tare da zafi mai yawa ba. A kansa aka gina magungunan maleriya da ake sha a yau, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan don masu ciwon sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Kundaye da yawa suna tsayawa ne a matakin farko: an shanya ganye a inuwa, an daka, an jiƙa a etanol, an ɗiga sinadarin gwaji an ga launi ya sauya, an rubuta cewa akwai rukunonin sinadaran tsiro irin su alkaloyid da tanin da safonin, an gwada a kan ƙwayoyin cuta biyu ko uku, shi ke nan. Kusan duk ganyen da ka tsinko a Kano zai ba ka wannan amsar. Aikin oganik na gaske yana farawa ne daga kolam, doguwar kwalbar nan da ake cika wa garin silika, a zuba tsimin a sama, a yi kwanaki ana tarar abin da ke ɗigowa a ƙananan kwalabe, ana ɗiga kowanne a farantin TLC, wato ɗan faranti mai rarrabe sinadaran da ke cikin ɗigo, ana haska shi da fitilar UV, har ɗigo ɗaya tak ya rage, alamar an sami sinadari guda tsantsa. Daga kilo guda na garin ɓawo, mai yiwuwa abin da za ka tsira da shi bai wuce 'yan miligiram a gindin kwalba ba. Sannan sai an san mene ne shi, kuma wannan aikin na'urar NMR ne. Na'urar FTIR tana nuna irin rassan da ke jikin sinadari ne kawai, GC-MS kuma ta fi dacewa da masu saurin tashi, irin man da ke ba tsiro ƙamshi, sunan da take bayarwa kuwa kamance ne da abin da ke cikin rumbun bayananta, ba hukunci ba.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa tsofaffin ɗaliban farfesan ita ce: ina kuke kai samfurinku a yi NMR, wa ke biya, wata nawa sakamako ke ɗauka? In kowa ya ba ka amsa iri ɗaya ba tare da inda-inda ba, rukunin yana da hanya. In aka fara kallon juna, ka san inda aka dosa.

Masu haɗa sinadarai kuma, a wajenmu galibi aikinsu mataki ɗaya ne ko biyu, kamar haɗin nan da Hugo Schiff ya gano a 1864, inda ake haɗa sinadarai iri biyu, amin da aldehayid, ruwa ya fita, daga baya a ɗaura wa abin da aka samu ƙarfe irin su tagulla. Yana koya wa hannu aiki sosai: auna, dafa, tace, sake ƙanƙarar da abu har ya tsarkaka. Tsadarsa a sinadaran farawa take, don kusan duk daga waje ake kawo su, farashinsu kuma yana bin dala. Kada kuma ka bari a ruɗe ka da babban take. Sinadarin azadiraktin na darbejiya an ware shi tun 1968, amma sai 2007 rukunin Steven Ley na Jami'ar Kambirij ya iya gina shi daga tushe, bayan shekara 22 ana fama. Kai shekara biyu gare ka.

Ni da zan zaɓa, zan bi malamin da ɗalibansa ke fita a kan lokaci da sinadari ko da ɗaya ne wanda aka tabbatar da tsarinsa, ko da kuwa bara ya zama dakta. Farfesan da ke riƙe da muƙamai uku da ɗalibai ashirin, sa hannunsa za ka samu, ba lokacinsa ba.

Malam, wanda ya yi karatu a waje ya fi wanda ya yi a gida ne? Malamai biyu nake dubawa, ɗaya ya yi digirinsa na uku a Maleshiya, ɗayar kuma duk karatunta a Zariya ta yi. Daga wata ɗaliba a Rijiyar Zaki.

Ƙanwata, inda mutum ya yi karatu yana gaya miki abin da hannunsa ya taɓa, ba ya gaya miki abin da zai iya yi a ɗakin gwajin da wuta ke ɗaukewa. Wanda ya dawo daga waje sau da yawa yana da abokan da za su karɓi samfuri su auna masa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wadda ta yi a gida ta san yadda ake gama aiki da abin da ke akwai, ta san masu kula da ɗakunan gwaji a cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT da ke Basawa a Zariya da sauran wurare. Rubuta sunan kowannensu a Google Scholar, ki duba takardun shekara biyar na baya-bayan nan, ba na zamanin da suke ɗalibta ba. Ki lura ko sunayen ɗalibansu na fitowa a jikin takardun, da ko binciken yana bin zare ɗaya ne ko yau ganye, gobe ruwan rijiya, jibi man biniɗazugu. Ki kuma tambayi matan da suka yi aiki a rukunin yadda ake yi da aikin da ke kaiwa bayan magariba, don kolam ba ya jiran kowa. In kika tafi kika bar shi ya bushe, ya tsage, aikin mako ya tafi.

Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Kwari, ban yi boko mai zurfi ba. Yarona ya kawo mini takarda cike da sunayen sinadarai da kwalabe, kuɗin ya ba ni tsoro. Wani ya ce zai samo mana metanol da sauransu a jarka da rabin kuɗin. Yaron kuma yana maganar wata na'ura mai juya kwalba. Shin duk wannan dole ne? Daga wani mahaifi a Fagge.

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ɗawainiyar nan. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, a yawancin jami'o'inmu ɗalibi ne ke sayen abin da aikinsa zai cinye. Amma kada ka fitar da ko sisi sai malamin da ke duba shi ya amince da taken aikin, ya kuma sa hannu a takardar. Take na sauyawa bayan zaman kare tsari, sai a wayi gari an sayi lita goma ta abin da ba za a taɓa ba.

Maganar jarka kuwa, araha ba ta ado. Sinadari hawa-hawa ne kamar shadda: akwai na masana'anta, akwai na aikin yau da kullum a ɗakin gwaji, akwai mai tsarkin da ake auna abu da shi. Na jiƙon farko, inda ake buƙatar lita da yawa, ana iya sayen matsakaici, a sake tace shi ta hanyar tururi a makaranta kafin a yi aiki da shi. Na kolam da na aunawa dole ya zama mai kyau, a kwalbarsa ta asali, da hatiminta ba a fasa ba. Abin da ya daɗe a jarkar roba yana jan sinadarin da ke sa roba laushi, wanda ake kira fitalet. Idan yaro ya ƙafar da lita biyar ta koma cokali guda, wannan dattin ma ya taru, ya fito ɓaro-ɓaro a sakamakon na'ura, har wasu su rubuta shi a kundi a matsayin abin da suka gano a ganye. Mai jarrabawa na waje da ya san aikinsa kallo ɗaya zai yi masa.

Ga abin da yaron zai duba a shago. Kowace kwalba tana da sunan kamfani, da lambar rukunin da aka yi ta, da adadin tsarkinta, da wata lamba ta duniya da ake kira CAS. Ta metanol 67-56-1 ce, ta etanol 64-17-5. Ya nemi rasit. In ya kai makaranta ya zuba kaɗan a faifan gilashi mai tsabta ya bar shi ya tashi. In ya bar maiƙo ko tabo, a mayar. Kwalaben da za su hau wuta su zama na gilashin borosiliket, ya kuma tabbatar bakinsu ya dace da na ɗakin gwajinsu, don mai lamba 24/29 ba ya shiga mai 19/26.

Sai abin da ya fi damuna, wato ajiya. Kada a kawo kayan nan gida. Metanol guba ne, kaɗan daga cikinsa na makantar da mutum, kuma a ido ba ya da bambanci da ruwa. Sinadarin jiƙo na daikulorometen yana tafasa a wajen digiri 40, shi kuwa wanda ake kira ether, wato sinadarin da ake sa barci da shi a da, a 35 yake tafasa. Ka san zafin Kano a Afrilu. Kwalba a but ɗin mota da rana tsaka, ko a shago kusa da janareta, neman gobara ne. Daga hannun mai sayarwa sai ma'ajin sashen.

Na'ura mai juya kwalbar kuwa tana ƙafar da tsimi ne da sauri ba tare da zafi mai yawa ba, tana kuma dawo da sinadarin jiƙon a sake amfani da shi. Tana da amfani ƙwarai, amma kayan sashe ce, ba ta ɗalibi ɗaya ba, ga shi tana buƙatar famfon zuƙe iska da ruwan sanyi da wuta tsayayya. In ta sashen ta lalace, su haɗu su biyar ko shida su gyara ta. Haka ma farantan TLC da garin silika, kwali ɗaya ya ishi mutum biyu ko uku, su yi karo-karo. Kuɗin da za ka ware gefe tun yanzu shi ne na aunawa a ƙarshe, nan ne ɗalibai da yawa ke maƙalewa bayan aljihu ya riga ya bushe. Ka saya masa tabarau na kariya da safar hannu ta naitiril, su ne mafi arha a takardar, su kuma aka fi tsallakewa.

Wace irin kwamfuta zan saya? Malamina ya ce za mu yi aikin gwada yadda sinadari ke kama furotin. Daga wani ɗalibi a Hotoro.

Ba ka buƙatar ta 'yan wasan gem. Ta hannu mai kyau ta isa, in dai tana da RAM 8, in da hali 16, da ma'ajin SSD. A Kano batir ya fi komai, don haka in ka je Titin Beirut ka sa a cire caja a gabanka, ka zauna ka ga yadda yake sauka. Manhajoji ma ba sai ka saya ba: AutoDock Vina da Avogadro kyauta ne, tsarin sinadarai na nan a PubChem, na furotin a Protein Data Bank, su ma kyauta. Lissafi mai nauyi ba aikin kwamfutar cinya ba ne, ka tambayi malamin inda yake kai nasa.

Sai dai ka riƙe wannan: lambar da manhaja ta ba ka hasashe ne cewa abu zai iya kamawa, ba shaida ba ce cewa magani ne. Roƙi malaminka ya haɗa ka da wani a rukunin masu itatuwa ko masu haɗa sinadarai, ka gwada ko da sinadari biyu ne daga cikin waɗanda kwamfuta ta zaɓa, a kan ƙwayar cuta ko enzayim na gaske. Ka yi wannan maganar da shi tun kafin ku rubuta tsarin aiki, don a sa kuɗinta da lokacinta a lissafi.