Shin gaskiya ne suga yana barin guba a jiki, kuma akwai ƙwayar da ke wanke ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon suga, yanzu ganinsa ya fara raguwa, ƙafafunsa kuma suna yi masa zugi da daddare. Wani mai tallar magunguna ya ce mana suga yana barin guba a jiki, kuma ƙwayoyin da yake sayarwa suna wanke ta. Akwai wannan gubar da gaske? Daga wata baiwar Allah a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi. Rabin maganar mai tallar gaskiya ce, domin lallai sarrafa suga yana barin abubuwa masu cutarwa, amma batun wankewa da ƙwaya ba shi da tushe.

Duk lokacin da ƙwayar halitta ta farfasa gulukos, wato sugan da ke cikin jini, domin ta sami ƙarfi, wani ɗan ƙanƙanin kaso yakan kauce hanya ya rikiɗe ya zama sinadarin metilgilayoksal, wanda ke manne wa furotin ya canza masa siffa har ya kasa aikinsa. Irin wannan haɗuwa ta suga da furotin ita ce take sa bayan burodi ya yi ja a gidan gashi, kamar yadda masanin Faransa Maillard ya bayyana a 1912, sai dai a jikin mutum tana tafiya a hankali cikin shekaru. Ɓarnar ta fi taruwa a furotin ɗin da jiki ba ya saurin sabuntawa, irin na madubin cikin ido da na bangon jijiyoyin jini. Abu na biyu kuma yana fitowa daga mitokondiriya, wasu ƙananan sassa a cikin ƙwayar halitta inda ake ƙona abinci da iskar oksijin: wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki suna zillewa su haɗu da oksijin su samar da sufaroksaid, wanda ke lalata kitse da furotin da ma ƙwayoyin gado.

Jiki yana da tanadinsa tun asali. Inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) guda biyu da ake kira gilayoksales, waɗanda aka gano aikinsu tun 1913, suna kama metilgilayoksal da taimakon gulutatayon, wani sinadarin kariya da jiki yake ƙerawa, su mayar da shi wani sinadari marar illa mai suna laktet. Shi kuwa sufaroksaid, akwai inzayim ɗin SOD da McCord da Fridovich suka gano aikinsa a Amurka a 1969, wanda ke mayar da shi haidirojin faroksaid, sannan katales da wani inzayim mai amfani da gulutatayon su ƙarasa shi ya zama ruwa. Idan kin taɓa ganin an zuba ruwan haidirojin faroksaid a kan ciwo ya taso da farin kumfa nan take, to aikin katales ɗin da ke cikin jini ne kika gani da idonki, kumfan kuma iskar oksijin ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne duka hanyoyin biyu sun jingina ga gulutatayon, shi kuma idan ya yi aikin kashe faroksaid sai an sake farfaɗo da shi da wani sinadari mai suna NADPH. Ƙwayoyin halittar ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido da na ƙoda, da kuma jijiyoyin ji na ƙafa, ba sa iya rufe ƙofa idan suga ya yi yawa a jini, yana shigarsu ko suna so ko ba sa so. Idan ya cika su, sai metilgilayoksal da sufaroksaid su ƙaru, sannan a lokaci guda wani inzayim ya riƙa mayar da rarar gulukos zuwa wani sinadari mai suna sobitol, aikin da yake cinye NADPH ɗin da ake buƙata wajen tsaftacewa. Wato dattin yana ƙaruwa daidai lokacin da kayan share shi suke ƙarewa, kuma wannan yana daga cikin manyan dalilan da suka sa ido da ƙoda da ƙafa suke fara jin jiki.

Game da ƙwayoyin maganin da ake cewa suna wanke wannan guba, an jarraba irinsu, kamar bitamin E. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2000, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 9,000 da yawansu masu ciwon suga ne, bai ga bitamin E ya rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Gulutatayon ɗin da ake haɗiya ma hanji yakan farfasa mafi yawansa, domin jiki da kansa yake ƙera nasa daga furotin ɗin abinci. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne sauko da sugan kansa, kamar yadda gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna a 1998, inda kyakkyawar kula da suga ta rage lalacewar ƙananan jijiyoyin jini da kusan kashi 25 cikin 100. Yana yi mini zafi in ga iyali sun kashe kuɗin maganin wata guda a kan kwalbar da ba za ta tsinana komai ba.

Shawarata ita ce a kai Baba a duba masa bayan ido, a auna furotin a fitsarinsa da hawan jininsa, a kuma duba tafin ƙafarsa, kuma ana yin waɗannan duka a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ku nemi gwajin HbA1c, wanda yake auna sugan da ya manne wa furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini, ya nuna matsakaicin sugan watanni biyu zuwa uku. Ku sanar da likita idan Baba yana da sikila ko ƙarancin G6PD, inzayim ɗin da ke samar wa jajayen ƙwayoyin jini NADPH, wanda ƙarancinsa ya yawaita a tsakanin mazan ƙasarmu, domin duk abin da ke gajarta rayuwar jajayen ƙwayoyin jini yana iya sa sakamakon gwajin ya fito ƙasa da yadda sugan yake a zahiri.