Tambaya da Amsa: Ƙanena ya yi rubutu a Facebook, yanzu lauya ya aiko da takarda

TAMBAYA:
Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Don Allah shawara nake nema a kan ƙanena, yaron nan kullum waya na hannunshi yana rubuta abin da ke faruwa a unguwa, mutane na bin shi sosai. Watan jiya ya ɗauki hoton kwalbatin layinmu da aka fara aka watsar tun kafin damina, ya sa a Facebook ya kama sunan ɗan kwangilar ya ce ya cinye kuɗin, har ya ƙara da wai an ce wata mata yake kashewa a Kaduna wadda ba aure tsakaninsu. Yanzu lauyan mutumin ya aiko da takarda wai ya janye ya ba da haƙuri ko a haɗu a kotu, kuma muna jin ƙishin-ƙishin za a kai maganar wajen 'yan sanda. Shi ko ya kafe wai 'yancin faɗin albarkacin baki gare shi. Mahaifiyarmu ko barci ba ta yi. Mi ya kamata mu yi?
Daga 'yar'uwarku, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kwantar wa Mama hankali. Kin ga rubutun ƙanen nan naki abu biyu ya haɗa wuri ɗaya, kuma dole a raba su kafin a san abin yi.

Maganar kwalbati ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Aikin jama'a ne da kuɗin jama'a, ruwa gidajenku yake shiga ba gidan ɗan kwangila ba, kuma sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar ya faɗa. A shari'ar ɓata suna gaskiya garkuwa ce, in ka tabbatar abin da ka faɗa haka yake to magana ta ƙare. Sai dai "an watsar da aiki" daban, "ya cinye kuɗin" daban. Na farko hoto ya isa hujja, na biyun sai da takardar da ta nuna an biya shi, to in gwamnati ce ba ta sake mashi kuɗin ba fa? Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, da ita ake rubuta wa ma'aikata a nemi sanin nawa aka ware nawa aka biya, da nan ya fara da yanzu ba shi ke cikin zullumi ba.

Amma maganar matar Kaduna, wallahi ita ta tayar min da hankali. Wannan ba labari ba ne, ƙazafi ya kusanta, kuma mun san abin da aya ta 4 ta Suratun Nur ta ce: shaidu huɗu ko bulala 80. Mutumin nan yana da iyali, yana da ɗiya da ke zuwa islamiyya ƙawayensu na nuna masu rubutun a waya. Kuma "wai an ce" ba ya kare kowa a gaban alƙali, wanda ya maimaita zance ya yaɗa shi kamar shi ya ƙirƙira, har masu turawa gaba a WhatsApp su ji wannan. A dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ma ɓata suna laifi ne da ke kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 2. A Nuwamban 2022 kotun majistare a Kano ta sa an yi wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne da tara da sharar kotu, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar.

Ba wai ina goyon bayan kama mutane saboda rubutu ba ne, ko kusa. Manya sun daɗe suna fakewa da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 suna jefa 'yan jarida da ɗalibai a sel, har kotun ECOWAS ta ce a 2020 sashen ya saɓa wa 'yancin magana, sai a Fabrairun 2024 aka gyara shi aka rage mashi faɗi. Ɗan jaridar nan Jaafar Jaafar da a 2018 ya saki bidiyon da ake zargin gwamnan Kano na lokacin da karɓar daloli, ƙarar naira biliyan 3 aka maka shi, daga baya ma barin ƙasar ya yi. Twitter kanta an rufe ta a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Duk wanda ke ganin an ɓata mashi suna ya tafi kotu ya nemi diyya, ba ya turo mota da 'yan sanda da asuba ba. Amma kin ga bambancin, shi Jaafar da hujjarshi a hannu ya fito, ƙanenki fa me ya riƙe a kan matar Kaduna?

To ga abin da nake gani. Kar ya amsa takardar da kanshi kuma kar ya ƙara rubuta komai a kan mutumin, ku kai wa lauya, in ba hali ku nemi ofishin Legal Aid Council, kyauta suke taimaka wa marasa ƙarfi. Ya adana hotunan kwalbatin da kwanan wata. Maganar matar ya janye ta a fili a daidai inda ya rubuta ta, ya nemi gafara ba tare da kwana-kwana ba, ku samu wani dattijo ko liman ya raka shi gidan mutumin, sau da yawa irin wannan a zaure take mutuwa. In 'yan sanda sun gayyace shi ya je da lauya, kar ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, kuma doka ba ta yarda a riƙe shi fiye da awa 24 zuwa 48 ba a kai shi kotu ba.

Kwalbati kuwa kar ya janye ko kalma ɗaya a kan cewa an watsar da ita. Ku haɗa mai unguwa da mutanen layinku ku rubuta wa ƙaramar hukuma, kowa ya sa hannu, don kar a bar yaro shi kaɗai da maganar da ta shafi gidan kowa.