Zauren Tambaya: Injin ban ruwa ya sha zaman damina, yana tashi yana mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman rani a bakin wani tsohon ramin kuza da ke Bukuru. Injin ban ruwana irin Honda GX160 ne, na ajiye shi tun farkon damina da fetur a tanki. Yanzu sai na rufe cok yake tashi, ina buɗewa sai ya mutu. Ina so in kwance shi da kaina, amma ina tsoron ƙananan kayan cikinsa su ɓace mini. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu, Bukuru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ciwon injinka yana cikin kafireto, wato inda ake haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Fetur idan ya yi watanni a ajiye sai ya bushe, ya bar ƙaro mai danƙo da ke toshe ramin jet, wato ɗan siririn ramin da fetur ke bi. Rufe cok yana rage iska, shi ya sa ɗan man da ke wucewa yake isar inji ya tashi. Kana buɗewa iska ta rinjayi mai, sai ya mutu.

Tun kafin ka ɗauki sifana, gyara wurin aiki, domin galibin asarar nan take faruwa. Kada ka kwance kafireto a gona, kan yashi. Shimfiɗa farin buhu a daɓen siminti, ka samo kiret ɗin ƙwai ka rubuta lamba a kowane gurbi. Abin da ka fara cirewa ya shiga gurbi na 1, na biye na 2, ranar haɗawa kuma ka faro daga ƙarshe. Duk notin da zai iya komawa kan ƙusarsa, mayar da shi nan take. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa kowane abu, musamman siririn ƙarfen gwamna (na'urar da ke daidaita gudun inji) da ɗan sifirin da ke tare da shi. Wannan sifirin shi ya fi yawan tsalle ya ɓace, kuma idan babu shi inji zai riƙa hawa da sauka. Maganaɗisu zai tsinto maka noti da ƙusa, amma kada ka dogara da shi: babban jet na tagulla ne, ƙaramin kuma na roba, ba ya kama ko ɗayansu.

Rufe makunnin mai, zare hular fulogi, ka juye tsohon fetur duka. Noti biyu masu lamba 10 ne ke riƙe da gidan matatar iska da kafireto. Lura da gasket ɗin da ke tsakani, yadda kowanne ya fuskanta, don akwai ɗan rami a jikinsa da dole ya hau daidai. Wanda ya yage a sauya shi, kada a liƙe da gam. Kwance ƙusar da ke ƙasan kofin mai na kafireto, ka tara kwano a ƙasa kafin ka zare ɗan fil ɗin da ke riƙe da fulot (abin da ke yawo a kan mai cikin kofin), domin allurar da ke maƙale da fulot ba ta kai ƙwayar wake ba. Sai ka sa sukudireba mai faɗin baki daidai ka warware babban jet. Wadda ta yi masa kaɗan za ta cinye tagullar. Bututun da ke bayansa zai faɗo, shi ma yana da ƙananan ramuka a gefe.

Wanke su da man feshin kafireto, ka bi ramukan da silin wayar lantarki guda ɗaya mai laushi, ka ɗaga jet ɗin ka ga haske ya ratsa. Mun hana amfani da allurar ɗinki ko ƙusa. Tana faɗaɗa ramin, inji ya koma shan mai da baƙin hayaƙi. A Jos abin ya fi muni, domin garin yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, iskarsa ba ta da kauri, dama can man da inji ke samu ya yi wa iskar yawa. Ƙarfinsa ma yana raguwa da kusan kashi 3.5 cikin 100 a kowace mita 300 ta tudu, don haka kada ka zargi gyaranka idan bai ja kamar na Legas ba.

Fulogin wannan inji NGK BPR6ES ne, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. Sauya baƙin mai, yana ɗaukar kusan lita 0.6, idan ya gaza, injin da ke da na'urar tsaron mai zai ƙi tashi. Wanke soson matatar iska da ruwan sabulu, ya bushe sarai, tunda ƙurar hunturu na tafe.

Cika famfon da ruwa kafin ka ja igiya, ko da gwaji za ka yi, saboda gudu a bushe yana ƙona sil ɗin da ke hana yoyo. Idan damina ta sake zagayowa, rufe makunnin mai, ka warware ƙaramar ƙusar da ke gefen kofin kafireto, fetur ya tsiyaye tas, sannan ka ajiye.